Gidan Da Na Saya Wa Inna A Bakin Ruwa

Inna ta yi shekara ashirin da ƴan kai a hannuna a Dogon Dutsi, ban taɓa jin ta ce tana kewar ƙauye ba, sai a shekarar da idonta ya fara hazo. Wata la'asar cikin damina muna zaune a tsakar gida, matata tana tankaɗen gari, Inna ta ɗaga kai kamar wadda aka kira, ta ce, "Yanzu haka ruwa ya kawo gindin tsamiya." Babu tsamiya a gidanmu na Dutsi, ruwa kuwa sai na pampo. Amma na san inda take nufi.

Gidan da aka haife mu yana wani ɗan ƙauye kudu da Tibiri, cikin fadama. Shi ne gida na ƙarshe kafin ruwa. Mutanen garinmu gulbi suke ce wa ruwan, ko da yake wanda ya taɓa ganin kogi a Gaya zai yi dariya. Da rani tafki ne kawai mai bado da ciyawar kacalla, da damina ne yake cika ya haɗe da na gaba ya yi ta gangarawa kudu. Akwai wata ƴar ƙofa a bayan gidan, daga ita zuwa bakin ruwa bai fi taku talatin ba. Ta nan Inna take fita wanki, ta nan Baba yake zuwa garkarsa ta rake da rogo.

Ina kwaleji Baba ya rasu. Gidan na kakanmu ne, ƙannen Baba biyu suna da rabo a ciki, kuma dukansu sun daɗe da komawa Kamba da iyalinsu. Ba su zalunce mu ba, rabon gado aka yi yadda addini ya ce, sai dai gida ba ya yankuwa kamar gona. Aka sayar wa wani ɗan kasuwa mai harkar albasa. Inna ta fito da turminta da kwallayenta da akwatin ƙarfe ɗaya. Ta zauna wurin yayata, wadda take aure wajen Geceme, har na gama karatu na samu aiki a ma'aikatar noma, na yi aure, na ɗauko ta. Mu biyu ne muka rayu cikin ƴaƴanta bakwai, Yaya ce ta fari, ni ne na ƙarshe. Har na yi furfura Auta take kirana.

Tun daga wannan la'asar zancen gida bai sake barin bakinta ba. Ba ta taɓa cewa a mayar da ita ba, labari kawai take bayarwa. Ta gaya wa jikokinta yadda agwagin kirinjijiya ke sauka a ruwan da sanyin safiya, da shekarar da tarwaɗa ta shigo har bakin murhu. Yara su yi dariya, ita ma ta yi.

Ana nan sai Yaya ta kira ni a salula wata ranar Laraba ina biro, wato ofis. Ta ce ɗan kasuwar nan ya rasu, ƴaƴansa suna Yamai, babu mai son gidan, suna neman mai saye. Ban jira ƙarshen mako ba, washegari na hau babur na tafi.

Abin da na tarar kango ne. Rufin zaure ya rufta. Ɗakin Baba ya zama tudun ƙasa, awakin maƙwabta suna hawa suna sauka. Warin tsohuwar albasa da kashin jemage ya cika ko'ina. Amma ɗakin Inna yana nan tsaye. Na sunkuya na shiga, don ƙofarsa gajeriya ce, dokin ƙofar kuma mai tsawo, sai ka ɗaga ƙafa sosai. Gara ta ci azara biyu ko uku, haske yana shigowa ta saman. A bangon dama alkukin da take ajiye fitila yana nan, har da baƙin hayaƙin a samansa. Na fita ta ƙofar baya, wadda wani ya toshe da ƙaya, na janye ƙayar na gangara. Ruwa yana nan, tsamiya tana nan. Na zauna a kan saiwarta na daɗe ban tashi ba.

Cikin wata guda aka gama magana. Maigari ya yi shaida, muka je meri ta Tibiri, ofishin magajin gari, aka yi takarda. Ranar da na dawo da ita na durƙusa gaban Inna na sa mata a hannu.

"Mi ne ne wannan, Auta?"

"Takardar gidanmu ce, Inna. Gidan bakin ruwa. Ya dawo hannunmu."

Ta riƙe takardar da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba, bakinta ne kawai ya yi ta motsi. Ta sa mini albarka har na ji kunya. Sannan ta ce, "To, yaushe za mu tahi?"

"Kango ne yanzu, Inna. Ki bari in gyara."

"Kangon ma ina so in gani."

"Wata shida kawai. In kai ki gida mai wuta da pampo, ki huta."

Ta ce, "To, Allah shi kai mu." Ta ninke takardar ta sa a ƙarƙashin filonta.

Maginin da na ɗauka dattijo ne ɗan garinmu, ya san Baba. Muka zagaya tare ina nuna masa abin da nake so: ɗaki uku da falo na bulon siminti, rufin kwanon tol, karo, wato tayil, a ƙasa, bayan gida na zamani, katanga mai tsawo da ƙofar ƙarfe. Yana ta gyaɗa kai har muka zo ɗakin Inna, na ce shi ma a rushe, nan falo zai zauna. Ya dafa bangon ya bubbuga da tafin hannu.

"Wanga ɗaki ubana da ubanka sunka gina shi, ni ina miƙa musu ƙasa. Ji yadda yake amsawa. Azara uku za a sake, a yi mai yaɓe da makuba, zai kai jikokinka."

Na ce, "Baba, ginin ƙasa a bakin ruwa? Ka san abin da damina take yi yanzu."

"Shekara nawa yana nan ruwa bai ci shi ba?"

"A dai rushe."

Ya dube ni, ya ce, "Gidanka ne."

Ba zan ce ba ni da hujja ba. A aikina na sha zuwa ƙauyuka bayan ruwan sama mai ƙarfi, na ga ɗakunan ƙasa da suka faɗa kan masu su. Tsoron gaske ne. Amma akwai wani abu a ƙarƙashinsa wanda a lokacin ban yarda na duba ba. Ina so mutanen garin da suka ga Inna ta fita da turmi a ka su ga ta dawo cikin gidan da babu irinsa a unguwar. Ina so a ce ɗanta ne ya yi. A mako na farko aka kwantar da ɗakin. Ƙofar baya ma na ce a toshe, saboda ɓarayin awaki da macizai, katanga ta zagaye gaba ɗaya.

Wata shida ya zama shekara biyu. Damina ta farko ta hana motar yashi da siminti shiga fadama. Da rani ya zo mai walda ya ɓata mana lokaci a kan tagogi. Ni kuma ma'aikaci ne, gini yana tafiya ne da tafiyar albashi. Duk ƙarshen wata in je in duba, in dawo Inna ta tambaye ni, in ce saura kaɗan.

A cikin shekara biyun nan idonta ya rufe gaba ɗaya. Mun kai ta likita, aka ce ba yana ba ce da za a cire, jijiyar idon ce ta mutu. Sai kuma tunaninta ya fara zamewa. Da farko ƙananan abubuwa ne, ta ci abinci ta ce ba a ba ta ba, ta yi sallar azahar sau biyu. Daga baya wata rana da magariba ta gabato sai ta tambaye ni ko Baba ya dawo daga garka.

Matata ce take kwana da ita take tashi da ita, ita ta fi ni ganin abin da ke faruwa. Wata safiya ina shirin fita ta tare ni a bakin ƙofa.

"Baban yara, ka kai Inna ƙauye."

"Saura karo da fenti."

"Ko a kan yashi ne ka kai ta ta yini. Ni ce nake tare da ita. Kullum wani abu yana fita daga kanta, ba ya dawowa."

Na ce mata na ji. Ban kai ta ba. Gaskiyar da ban gaya wa matata ba ita ce, ban taɓa faɗa wa Inna an rushe ɗakinta ba. Duk sanda ta ce, "Ka ce su yi hankali da alkukina," sai in ce to. Na yi ta gaya wa kaina idan ta shiga ta ji sanyin falo, ta murɗa pampo ruwa ya zubo a hannunta, ba za ta damu da tsohon ɗaki ba.

Bayan kaka aka gama. An sa panno na hasken rana a kan rufi, an haƙa rijiya da injin tura ruwa zuwa tanki. Na ari motar wani abokin aikina. Tun da asuba Inna ta sa matata ta buɗe akwatin ƙarfen nan ta ciro mata baƙin zanenta na saƙi, wanda ban taɓa ganin ta ɗaura ba tun rasuwar Baba. A hanya hankalinta garau yake. Da muka sauka daga kwalta muka shiga yashi ta ce, "Mun wuce Tibiri ke nan." Da muka fara gangara fadama ta sa aka sauke gilashi, ta shaƙi iska, ta ce, "Ga ruwa nan, ina jin shi." Na dubi matata ta madubi ina murmushi, kamar mai cewa kin gani.

Yaya ta riga mu isa, ta yi shara ta dafa abinci, maƙwabta sun taru a ƙofar gida. Na kama hannun Inna na fito da ita. Aka buɗe ƙofar ƙarfe da ƙara, ta ɗan razana. Muka ratsa tsakar gida, wadda aka shafe da siminti. Ta saki hannuna ta ce, "Bar ni, na san hanya." Ta yi taku kamar goma ta karkata dama, daidai inda ɗakinta yake a da. Ta sunkuyar da kai don kada ta bugi saman ƙofa, ta ɗaga ƙafa sama don ta tsallake dokin ƙofa. Babu ko ɗaya. Ƙafar ta sauka a kan karo mai santsi, ta yi tangal-tangal, Yaya ta tare ta.

Ta miƙa hannu ta sami bango. Ta yi ta shafawa, sama da ƙasa, tana tafiya a hankali tana lalube. Na san abin da take nema. Ta kai kusurwa ta dawo. Sannan ta tsaya ta gyara mayafinta, irin yadda take yi idan ta shiga gidan mutane.

Muka zaunar da ita a kujera. Mata suka shigo gaisuwa, ta amsa wa kowa da ladabi. Aka kawo fura ta sha kaɗan. Na kai ta ta taɓa pampo, ta ce, "Ikon Allah." Da la'asar ta yi, sai ta jawo hannun rigata ta yi ƙasa da murya.

"Auta, gidan wa ne nan?"

"Gidanmu ne, Inna. Gidan bakin ruwa."

"Mai gidan nan yana da kirki, sun karɓe mu da kyau. Ka yi mai godiya. Amma mu tashi hakanan, kada mu yi musu nauyi. Ka ce za ka kai ni gida."

Yaya ta fita da sauri ta shiga kicin. Matata ta sunkuyar da kai. Ni na ce, "To, Inna, sai gobe."

Na ɗauki hutu a wurin aiki muka zauna. Na yi zaton kwana biyu za ta saba. Kullum da la'asar sai ta tattara zannuwanta ta ƙulle a ɗankwali, ta ɗora ƙullin a cinya ta zauna tana jira. Ba ta yin rigima. Idan na wuce ta ji takuna sai ta ce, "Motar ba ta zo ba?" Da dare ya yi matata ta kwance ƙullin, washegari ta sake ƙullawa.

A kwana na shida wata tsohuwar Bafillata ta yi sallama. Tun muna yara take kawo wa Inna nono daga rugarsu da ke hayin ruwa, yanzu ta tsufa, jikokinta ne ke tallan. Ta ji labari ta tako da sandarta. Tun daga ƙofa ta ɗaga murya da irin tsokanar da aka saba tsakanin Filani da ƙabilar Inna, ta ce ina Ba'arawar nan mai rage mata mudun gero. Inna ta miƙe zumbur.

"Ke ce? Kina raye, mai nonon ruwa?"

Suka rungume juna suna dariya suna hawaye. Suka zauna a ƙasa, don tsohuwar ta ce ita ba ta hawa kujera. Suka yi ta lissafa waɗanda suka mutu. Inna ba ta ɓata suna ko ɗaya ba. Can sai ta ce mata, "Ni kam an ajiye ni nan gidan wasu. Ki raka ni bakin ruwa mana."

Tsohuwar ta dube ni. Na ce mu je. Da yake babu ƙofar baya, sai da muka fita ta gaba, muka bi lungu, muka zagaye katanga duka. Tafiyar ta yi wa Inna tsawo, sau biyu tana tsayawa. Da ƙafarta ta taɓa danshi ta cire takalmi. Ta laluba ta sami tsamiya, ta bi jikinta da hannu har ƙasa, ta zauna a kan saiwar nan ba tare da kowa ya nuna mata ba. Ta tsoma hannu a laka ta shinshina. Fuskarta ta saki, rabon da in gan ta haka tun kafin idonta ya rufe.

"Yawwa," ta ce. "Nan ne. Gidanmu na nan baya."

Ta tashi ta juya wa ruwa baya, ta fara hawa, tana tafiya kai tsaye ba lalube. Muka bi ta. Ta yi takunta talatin, hannunta ya daki siminti. Ta shafa dama, ta shafa hagu.

"Wa ya gina katanga nan? Nan ƙofarmu take. Wa ya tare muna hanya?"

Tsohuwar Bafillata ta kau da kai. Na ce, "Ni ne, Inna. Ni na sa aka toshe. Ɗakinki ma ni na sa aka rushe. Gidan da muke ciki shi ne gidanmu, na sake shi ne. Ki gafarta mini."

Ta juyo wajen muryata, kamar tana auna maganar. Sannan ta girgiza kai.

"A'a. Kai dai ba ka sani ba, bawan Allah. Auta ba zai yi haka ba. Shi ne ma ya sayo muna gidan, takardar na wurina. Bari ya zo, zai sa a buɗe."

Na tsuguna a gindin katangar na rufe fuskata. Ina da shekara hamsin da ɗaya, rabona da kuka irin wannan tun ranar da aka binne Baba. Inna ta ji, ta laluba ta dafa kaina, ta ce, "Yi haƙuri, ɗan nan. Mi anka yi maka?"

Washegari da sassafe na je gidan magini. Ban yi dogon bayani ba, shi ma bai tambaya ba, labari ya riga ni isa. Kafin azahar ya fasa katanga ya fitar da ƙofa daidai inda tsohuwar take. Na ce ina so kuma ya gina ɗakin ƙasa a gefen tsakar gida, irin wancan, da gajeriyar ƙofa da dokin ƙofa da alkuki. Ya ce zai gina, amma sai an buga tubali ya bushe, kuma ba a ɗora ginin ƙasa a rana ɗaya, sai sahu ya sha iska a ɗora wani. Na ce ya yi sauri. Ya ce, "Ƙasa ba ta san sauri ba, amma zan yi iyakar yi na."

Hutuna ya ƙare na koma Dutsi, matata ta bi ni saboda lakwal, wato makarantar yara. Yaya, wadda mijinta ya rasu tun da daɗewa, ta zauna da Inna. Ta ce kullum da hantsi Inna tana fita ta sabuwar ƙofar ta zauna gindin tsamiya har rana ta yi zafi. A can tana hira, tana sanin mutane, har waƙar daka take yi. Da an dawo da ita ciki sai ta koma baƙuwa, ta nemi ƙullinta. Ina zuwa duk Juma'a da yamma in koma Lahadi. Wani zuwan ta gane ni, wani zuwan ta gaishe ni kamar baƙo ta tambaye ni ko na haɗu da Auta a hanya.

Sanyin shekarar ya yi tsanani a fadama. Ta kamu da tari, ya sauka a ƙirji. Muka kai ta likitar Tibiri ta kwana huɗu, rana ta biyar da hantsi ta cika, Yaya na riƙe da hannunta, ni ina waje wurin sayen magani. Ɗakin ƙasa ya kai tsayin kafaɗa a lokacin, ba a ɗora azara ba. Aka yi mata wanka a gidan, aka binne ta a maƙabartar garinmu, ba nisa da Baba.

A zaman makoki mutane suka yi ta yaba mini. Wani dattijo ya ce samun ɗa irina sai an tona, wanda ya dawo da uwarsa gidan mijinta, ya gina mata gidan da ko a birni sai haka. Na ce na gode. Magini yana zaune a gefe yana jan carbi, bai ɗaga kai ba. Matata kuwa har yau ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba, ko sau ɗaya, kuma da ta faɗa da wataƙila ya fi mini sauƙi.

Yaya ce a gidan yanzu, da ɗanta da matarsa da ƴaƴansu. Suna jin daɗinsa ƙwarai. Matan unguwa suna zuwa ɗiban ruwa a pampo, masu salula suna kawo caji. Ta sa an ƙarasa ɗakin ƙasa, tana zuba gero da wake a ciki. An haifi yara biyu a gidan, su ba su san wani gida ba sai shi.

Bara ta kira ni ta ce fentin waje ya koɗe, in zo in zaɓi launin da za a sake. Na ce ta zaɓa da kanta, zan aiko da fentin. Ta zaɓi kore. An ce ya yi kyau, ban dai je na gani ba tukuna.